Gwaggo Dije, An Kewaye Bahar da Waya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina, wadda ta ɗauke ni tun ina jaririya bayan mahaifiyata ta koma ga Allah. Duk shekara idan watan ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in dafa shinkafa in raba wa maƙwabta a nan unguwar Mansur da ke Makka, in yi mata addu'a, in koma hidimar yarana ba. Bana abin ya ƙi tsayawa a nan. Bana 'yarta ta cikinta, Yaya Rabi, tana tsare a gidan tarhil, wato inda ake ajiye waɗanda za a fitar daga ƙasar, 'ya'yanta biyu kuma a ɗakina suke kwana. Abin da ya kai ta can kuwa, abin da Gwaggo ta koya mana ne. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun. Zuciyata ce ta cika, kuma ba kowa nake iya faɗa wa a unguwa ba.

Sai na fara gaya muku sana'arta kafin ku gane sauran. Matan Kano da Maiduguri da Damagaram, duk mai haɗa humra ko turaren wuta a cikinku ta san farce. Kuna sayensa a kasuwa a ƙulle cikin leda, ja-ja baƙi-baƙi, kamar farcen tsohuwar da ta sha lalle. Da yawa ba su san daga ina yake fitowa ba. Wani dodon koɗi ne da ke rayuwa a Bahar Maliya. Larabawan gaɓa suna ce masa surumbak, mu a gida koɗi kawai muke cewa. Farcen nan shi ne murfin da yake ja ya rufe ƙofar gidansa idan ya ji motsi. Ɗanyensa ƙarni gare shi mai tayar da zuciya. Amma idan an jiƙa shi a ruwan lalle, an kankare, an soya cikin yashi mai zafi, an daka, shi ne ke riƙe ƙamshi a jikin tufa har bayan wanki. Gwaggo ba ta taɓa sayen farce ba. Da ƙafarta take nemo shi a cikin ruwa.

Ita ma gado ta yi. Kakarta ta taso daga ƙasar Hausa a ƙasa, ita da mijinta, da niyyar aikin Hajji. Suka yi shekaru a hanya, suna tsayawa suna noma suna ƙara gaba. Da suka kai bakin ruwa ta ɓangaren Sudan, suka zauna jiran jirgin ruwan da zai haye da su, jiran ya yi tsawo, guzuri ya ƙare. A nan ta ga matan wurin suna shiga ruwa da safe suna fitowa da abinci, ta bi su, suka koya mata. Da aka haye kuma aka sauke farali, ba a koma gida ba, sai ta tarar ruwan wannan ɓangaren ma irin koɗin nan ke cikinsa. Ta koya wa 'yarta, 'yarta ta koya wa Gwaggo. A gidanmu ba a taɓa ɗaukar abin a matsayin wani neman izini ba. Kamar yadda mace za ta fita bayan gari ta tsinko tafasa, haka muke ganinsa.

Lokacin tsananin zafi ake zuwa, don a lokacin ne ruwan ke ja da baya, duwatsun da ke ƙasa su kusa fitowa. Ina tuna yadda Gwaggo za ta tashe mu mu yi sallar Asuba, mu tarar da wanet ɗin Malam Idi, wato motarsa mai buɗaɗɗen baya, tana jira a bakin layi. Mata biyar ko shida, da garwa, da bokitai, da tabarma, da jarkar ruwan sha da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Mu bar duwatsun Makka a bayanmu, mu kama hanyar Shu'aiba. Tun kafin a hango ruwan ake jin warinsa. Gwaggo takan ɗaga niƙabinta ta shaƙi iskar ta ce, "Kun ji? Ya san mun zo."

Ba a shiga da ƙafa tsirara. Safa biyu ake sawa, a ɗora tsohon takalmin roba, a ɗaure abaya a ƙugu. Kuma ba a ɗaga ƙafa. Ja ake yi a hankali cikin yashi da ciyawar ruwa, saboda akwai wani kifi mai kama da dutse da ke kwanciya a ƙasa, wanda ya taka shi sai ya gwammace a yanke masa ƙafar. In kana jan ƙafa sai ya ji ka ya kauce. Ido ba ya aiki sosai a wurin, hasken rana na dukan ruwan yana dawo maka a fuska. Tafin ƙafa ne ke gani. Dutse daban, koɗi daban. Dutse yana zaune daram, shi kuwa koɗi in ka taɓa shi sai ka ji ya ɗan gusa, kamar wanda aka tasa daga barci.

Ni tun ina ƙarama matsoraciya ce. Duk abin da ya shafi ƙafata sai in yi tsalle in riƙe zanin Gwaggo. Ta yi ta dariya tana cewa, "Kulu, ciyawa ce. In ciyawa ta cinye ki ni zan biya diyya." Ban fi shekara bakwai ba ranar da na ji abin nan ya gusa a ƙarƙashin ƙafata, na runtse ido, na tsoma hannu har kafaɗa, na ɗago shi. To akwai al'adar da muke da ita. Ranar da yarinya ta ɗauko koɗinta na farko da kanta, babbar macen da ke wurin za ta rangaɗa guɗa, sauran su amsa. Farcen wannan koɗin ba a haɗa shi da sauran. Ajiyewa ake yi har ranar aurenta, a daka shi cikin humrar da za ta shiga ɗaki da ita. Guɗar Gwaggo ta ranar nan, wallahi har tsuntsayen da ke kan duwatsu sai da suka tashi. Ina tsaye cikin ruwa har ƙirji, ina kuka ina dariya, ji nake kamar duk faɗin bahar ɗin sunana ake kira.

Kafin rana ta take sai a fito. A hura wuta a bakin gaɓa, a dafa koɗin cikin garwa da ruwan bahar, a zaro naman da tsinke, a ɓalle farcen a jefa a gwangwani. Mu ci wani da barkono da lemun tsami, sauran a shanya a igiya a kawo gida don miya. Akwai tsofaffin masunta 'yan asalin wurin da suka san Gwaggo da suna. Sukan ba ta kifi, ita kuma ta ba su turare su kai wa matansu. Ba ta yarda a ɗauki ƙaramin koɗi. Takan duba leɓen kwanson, in bai yi kauri ya buɗe ba sai ta ce a mayar, bai haihu ba tukuna. Kuma in bokitai suka cika, an gama, ko da ƙafa na ta cin karo da wasu.

Tun tana raye abubuwa suka fara canjawa. Da fari wasu maza ne suka riƙa zuwa da buhuna da gilashin nutso, ba su san babba ba, ba su san ƙarami ba, su kwashe su loda a mota don masu saye a wasu ƙasashe. Inda muke cika bokiti kafin hantsi, sai ya zama mu kai azahar da rabin bokiti. Daga baya aka fara kafa shingen waya, nan an ce wurin gini ne, can an ce wurin shaƙatawa ne da ake biya, gaba kuma an ce an killace ne don abin da ke cikin ruwan ya farfaɗo. Ina tare da ita ranar da muka fara tarar da allo a bakin hanyar da muka saba bi. Gwaggo ba ta karatu, sai ta ce wa Malam Idi ya karanta mata. Ya ce an hana ɗiban komai daga ruwan sai da takardar izini. Ta ƙare wa allon kallo, ta ce, "Shi koɗin fa, an ba shi igama?" wato takardar zama. Aka yi dariya, ita ma ta yi. 

Ba ta daɗe tana zuwa bayan wannan ba. Ciwon suga ya kama ƙafarta, ƙafar da take gani da ita. Ta yi jinya a ɗakinmu, ta rasu, aka sallace ta a Harami, aka kai ta makwancinta. Ba ta ga yadda wayar ta ƙarasa haɗewa ba. Wani lokaci nakan ce Allah ya yi mata gata.

Yanzu bari in gaya muku irin zamanmu, don wanda ke gida ya fahimci tsorona. A nan aka haifi Gwaggo, a nan aka haifi uwarta, a nan aka haife ni, amma takardar 'yan ƙasa ba ta taɓa shiga gidanmu ba. Igama muke sabuntawa, wato takardar izinin zama. Tawa a ƙarƙashin ta mijina take, Baban Sumayya, mai aikin fenti ne. Ta Yaya Rabi kuwa ta mutu tun bayan rasuwar mijinta, an yi ta fafutukar gyarawa abin bai yiwu ba. Wanda aka kama ba takarda, fitar da shi ake yi. Wanda ke da takarda ma, in aka kama shi da laifi, ba ya da tabbas. Ni kuma ban taɓa ganin Najeriya ba sai a waya. Ina da Sumayya mai shekara shida, ina da Yusufa da ke shan nono. Idan na ji jiniya a titin Mansur, kafin in san me nake yi na riga na ɗauki yaron na tsaya a bayan ƙofa. Idan mota mai fitila a ka ta tsaya a layinmu, ko mai gyaran lantarki ne, sai in kulle ƙofa. Takardar izinin ɗiban koɗi kuwa, an ce mana sai mai jirgin ruwa da rajista, ba irinmu masu bokiti ba.

Yaya Rabi ba ta daina zuwa ba. Da humra take ciyar da marayunta, farcen kasuwa kuma ya yi tsada, sau da yawa ma gauraye yake da na banza. Ta san wani wuri can ƙasa da Shu'aiba inda wayar ta faɗi, yashi ya binne ta. Tun farkon zafin bana ta fara yi mini naci.

"Kulu, yarinyar nan ta isa shiga ruwa. Ko so kike ta yi aure da farcen leda?"

Na ce, "Yaya, ki bar ni. Aurenta yana ina tukuna?"

"Naki yana ina lokacin da Umma ta tsoma ki? Yarinya ko Hausa ba ta iya ba, an ce mata koɗi tana tambaya wane irin biskit ne. Ke dai kin mayar da ita kazar shugga."

Shugga ita ce irin ɗakunan benen da muke haya. Maganar ta yi mini zafi don gaskiya ce. Sumayya ba ta san komai ba sai bene da makaranta da wayar babanta. In na yi mata Hausa da Larabci take amsawa. Na yi kwanaki ina juya abin. Na tambayi Baban Sumayya, ya ce, "Sau ɗaya. Ki tafi da igamarki a jikinki, kada ki bar ta a mota. Yusufa kuma ki bar shi wajen maƙwabciya." Da na san abin da barin yaron nan zai yi wa zuciyata a ranar, ban san ko zan yarda ba.

Muka tafi mu uku da Malam Idi, wanda yanzu gemunsa ya yi fari fat. A kowane shingen askarawa na hanya sai in dafa igamar da ke ƙirjina, amma ba wanda ya tsayar da mu. Da muka isa, Malam Idi ya ɓoye motar a bayan wani tudun yashi, ya ce, "Hajiya Rabi, ba wuta, ba hayaniya. Ku ɗiba ku fito." Yaya ta ce ta ji. Ita da kanta ta durƙusa ta gargaɗi Sumayya da Larabci cewa a nan raɗa ake yi. Muka tsallake wayar da ke kwance. Na lura da sawun taya a kan yashin gaɓa, sabo, iska ba ta share shi ba. Na nuna wa Yaya, ta ce na jiya ne.

Ruwan yana nan yadda na san shi, ɗumi kamar na wankan jego. Sai dai ƙasan ya yi fayau. Muka yi ta jan ƙafa, can a samu ɗaya, a daɗe kafin a kuma. Ni rabin hankalina yana kan gaɓa. Sumayya kuwa, abin mamaki, ba ta ɗauko tsorona ba. Ta saki hannuna ta koma wajen Yaya, tana kwaikwayon tafiyarta, harshe a waje. Can sai na ga ta tsaya cak. Ta kalli Yaya, ta kalle ni. Ta tsoma hannu har ruwa ya taɓa haɓarta, ta ɗago wani ƙaton koɗi mai kaurin leɓe, ruwa na zuba daga cikinsa. A hankali ta ce, "Hala, shufi," wato inna duba, don ta tuna an ce raɗa ake yi.

Yaya Rabi ce babba a wurin. Na ga hannunta ya tafi hancinta, na buɗe baki zan ce kada, amma ta riga ta sake ta. Guɗa irin ta uwarta, doguwa, mai kaɗawa. A kan ruwa sauti ba ya da abin da zai tare shi. Na ji ta tafi, ta tafi, kamar ba za ta ƙare ba. Da ta sauke, muka kalli juna. Fuskarta ta nuna mini cewa sai a lokacin ta tuna inda muke.

Ba a jima ba motar sintiri ta ɓullo ta kan gaɓa. Ba gudu take ba, a hankali take tahowa, kuma wannan ya fi tsorata ni. Babu wurin ɓuya a cikin ruwan da bai wuce ƙugu ba. Askarawa biyu suka fito suka yafito mu. Tafiyar nan daga cikin ruwa zuwa gaɓa, ban taɓa yin mai tsawonta ba. Ƙaramin cikinsu yana murmushi ya ce, "Mabruk, ya hajja. Ina angon?" Ya ce suna can nesa suka ji, suka ce bari su zo su ga bikin da ake yi a tsakiyar bahar. Babban bai yi dariya ba. Ya leƙa bokitin, ya nuna wayar da ke kwance, ya ce mun san an hana ko ba mu sani ba? Yaya ta ce, "Mun sani. Uwata a nan ta ɗiba, uwarta ma a nan." Ya ce ya yarda, shi ma kakarsa ta yi, amma yanzu doka ce. Sannan ya ce mu kawo igama.

Ba su zage mu ba, ba su taɓa mu ba, ba zan yi musu ƙarya ba. Na zaro tawa daga ledar da na ɗaure a ƙirji, ta suɓuce ta faɗi a yashi. Yana dubawa a na'urarsa, ni kuma a daidai lokacin nono ya kawo, don lokacin shan Yusufa ya yi. Ina jin shi yana bin jikina a ƙarƙashin jiƙaƙƙiyar abaya. Abin da ke kaina kawai shi ne, yaron nan ba ya karɓar madarar gwangwani, idan aka sa ni a motar nan wa zai ba shi? Zai yi ta kuka har muryarsa ta dushe, maƙwabciya ta rasa yadda za ta yi, babansa yana kan tsani a unguwar Rusaifa bai sani ba. Na yi salati a zuci har na rasa inda nake. Ya miƙo mini katin, ya ce wannan karon gargaɗi ne saboda yarinya, in aka sake ganina ba ruwansa. Ya juya ga Yaya. Ba ta ko laluba jikinta ba. Ta ce, "Ba ni da ita."

Suka sa aka juye bokitin cikin ruwa. Sumayya ta ƙanƙame nata a ƙirji, ƙaramin askar ɗin ya durƙusa ya lallashe ta har ta je ta ajiye shi da kanta. Yaya ta cire safarta ta matse, ta miƙa mini makullin ɗakinta, ta ce in dafa waken da ta bari a jiƙe kada ya yi tsami, in ɗauko yara daga makarantar allo. Ta shiga bayan motar kamar mai shiga tasi. Malam Idi suka rubuta masa tara suka sake shi. Har muka iso Mansur Sumayya tambaya ɗaya take yi, me ta yi da ba daidai ba.

Tun daga ranar nake tambayar kaina, da Gwaggo na nan me za ta ce? Na san ba za ta ce a bar ruwan ba tsaro ba, don ta ga abin da masu buhuna suka yi, ta kuma tsine musu a gabana. Da an tambaye ta, ita ce za ta fara cewa a hana ɗiba a watannin da koɗi ke ƙwai. Abin da ba za ta gane ba shi ne yadda aka sa mai buhu da mai bokiti a layi ɗaya. Mai buhu ya sayi jirgi ya yi takarda, farcensa na nan a kasuwa. Matan da suka san leɓen da bai isa ɗauka ba, su ne ke tsallake waya kamar ɓarayi. Tsofaffin masuntan da ke ba ta kifi ma, na ji an ce 'ya'yansu da yawa sun bar gaɓar sun koma gadi a Jidda. Ni ban san yadda ake tsara doka ba. Na dai san ba wanda ya taɓa zuwa ya tambayi irin su Gwaggo abin da suka sani, ko ya ce ga ɗan wuri, ga ɗan lokaci, ku ɗibi na miya da na turare.

Amma in faɗi gaskiya, a makonnin farko ba doka nake jin haushi ba, Yaya nake ji. Duk wanda ya zo jaje sai in ce, da ta yi shiru da yanzu tana gida. Maganar ta kai mata, don a can ana barinsu su yi waya jefi-jefi. Ranar da ta kira, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kulu, an ce kina yawo da ni wai bakina ya ja mini."

Na ce, "To ba shi ba ne, Yaya?"

"Shi ne. Ban yi niyya ba, fita ta yi. Amma na kwanta na yi tunani, ko an mayar da ni wurin sai na sake. Yarinya ta ɗauko na farkonta, mu yi tsit muna waige-waige? Me za ta ɗauka? Cewa sata muka kai ta."

Na ce ita ba ta san tsoro ba ne, irin Gwaggo ce. Sai ta yi wata dariya da na ji hawaye a cikinta. Ta ce, "Ke da kika kwana a bayanta ba ki sani ba? Umma ba ta iya ruwa ba, Kulu. Ko na taku ɗaya. Duk ranar da za mu bahar ba ta karyawa, don cikinta ba ya riƙe komai. Kin taɓa ganin ta wuce ƙugu? Mu take turawa gaba tana ba mu umarni." Na tsaya da waya a kunne ina lalubo hotunanta a kaina, kuma haka ne. Ban taɓa ganin ruwa ya kai mata ƙirji ba. Ban taɓa ganin ta ci wani abu a motar Malam Idi a hanyar zuwa ba, sai a dawowa. Ni da nake ganin ba abin da ke wuce idona, wannan ya wuce ni shekara da shekaru. Kafin a karɓe wayar Yaya ta ce, "Ki tambayar mini, a Kano akwai ruwan da ke da koɗi? In babu, ki ce su tanadar mini turmi dai, hannuna na nan."

To me ya rage na Gwaggo Dije bayan shekara bakwai? Bahar ɗin ba namu ba ne yanzu. Na gaya wa Baban Sumayya ba zan sake tsallake wayar nan ba, kuma har zuciyata nake nufi, ba zan yi cacar nonon ɗana da koɗi ba. Sana'ar za ta bi Yaya zuwa garin da ba teku. Sumayya ta shiga ruwa sau ɗaya, wataƙila shi ke nan har abada. In na lissafa haka sai in ga kamar komai ya tafi. Sai dai a da ina ɗauka cewa abin da Gwaggo ke da shi, ni aka hana, wato zuciyar da ba ta rawa. Yanzu na san tata ma tana rawa. Da cikinta a ɗaure take hawa motar, saboda akwai yaran da za su ci, akwai kuma abin da uwarta ta damƙa mata.

An aiko cewa ranar Talata za a fitar da su Yaya, kuma yaranta da ita za su tafi, don su ma takardunsu sun mutu tare da tata. An ce wani ya kai su bakin ƙofar gidan tarhil da kayansu da safe. Mai gidan aikin Baban Sumayya ya ƙi ba shi hutu. Malam Idi ya ce zai kai mu kusa, amma ba zai matsa ba. Saboda haka ni ce zan riƙe hannun marayun nan biyu, in taka da ƙafata zuwa ƙofar da na yi shekaru ina mafarkin ana jana cikinta, in tsaya a gaban askarawa, in faɗi sunana, in miƙa katina. Tun da aka faɗa mini abinci ya daina zama a cikina. Na wanke kayansu, na naɗe, na koya musu yadda za su gaida dangin da ba su taɓa gani ba da Hausa. Wannan karon da Yusufa zan tafi, a bayana, ɗaure da majanyi biyu.

Allah ya jiƙan Gwaggo Dije, ya yalwata mata makwanci, ya sanyaya mata ƙafar da ta wahala dominmu. Wanda ya karanta wannan, ya sa Yaya Rabi da 'ya'yanta a addu'a, Allah ya sa su tarar da masu karɓarsu. Ni kuma ku roƙa mini abu ɗaya: in na miƙa yaran na juya, a bar ni in dawo gida.